Ɓarawon da Ke Dawo da Kaya Ranar Lahadi

Kawu Ishaya bai taɓa yin sallama a gidan mutum ba sai ya fara gaisawa da kwaɗon ƙofar. Ku da kuke zaune a tsakar gidan nan nasa kun san ba ƙari nake yi ba. Zai jingine sandarsa, ya kama kwaɗon ya jijjiga, ya zagaya ya taɓa ƙarafan taga, ya leƙa bayan katanga ko an bar tsani ko tulin bulo da mutum zai taka. Sai ya gama binciken nan kaf sannan zai ɗaga murya ya ce, "Salama dai, masu gida. Da ɓarawo ne ni, da tuni na fita." Gaisuwarsa ke nan, gidan biki ne ko gidan makoki.

An ce ni zan yi magana a taron tunawa da shi, don ni ce Saratu 'yar ƙanwarsa, kuma ni na fi kowa faɗa da shi. To zan yi. Amma kada wani ya sa ran zan ce Kawu mala'ika ne. Kawu ɓarawo ne. Ee, Fasto, a gabanka na faɗa, kai ma ai bai ƙyale ka ba, kuma zan zo kanka.

Saboda baƙin da suka zo daga nesa, bari in fara daga tushe. Kawu mai walda ne. A Sabon Gari ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana ƙera ƙofofi da ƙarafan taga, rabin ƙofofin layinmu na Samaru daga hannunsa suka fito. Da gwiwa ta hana shi aiki ya dawo gida ya zauna, sai ya lura ƙofofin da ya ƙone yatsunsa a kansu a wangale muke barinsu. Mace ta tafi ɗebo ruwa, ƙofa a buɗe. Ɗalibi ya sa waya caji a bakin taga ya shiga wanka. Magidanci ya ajiye mashin da makulli a jiki, wai yanzun nan zai fito. Kawu ya yi magana har bakinsa ya bushe, muna ce masa to, Kawu, mun ji. Ran nan sai ya daina magana, ya fara ɗauka.

Duk abin da ka bari a sake, in Kawu ya gani, ya tafi. Rediyo, waya, bokiti, tukunyar gas, takalmin coci. Ka je ka roƙe shi, ya ce bai san zancen ba. Sai ranar Lahadi, bayan an tashi sujada, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar coci ya baje kayan, ya riƙa kiran sunaye ɗaya-ɗaya, yana faɗa wa jama'a inda ya tsinci kowanne da abin da mai shi yake yi a lokacin. Kunyar nan ta fi asarar ciwo. Maƙwabtanmu Musulmi ma bai ware su ba, sai dai su ranar Juma'a yake mayar musu, bayan an sauko daga masallaci. Malam Sani mai shago ya taɓa yi masa ƙorafi, Kawu ya ce ai adalci ya yi, kowa da ranarsa, kuma su sun ma fi mu morewa tunda Juma'a ta riga Lahadi zuwa.

Shi kansa fa? Tabɗi. Kun ga ƙarfen can da aka kafa da siminti a gindin mangwaro? Nan mashin ɗinsa yake ɗaure, da wata sarƙa da ya ƙera da hannunsa, wadda ko bijimi aka ɗaure da ita sai ya haƙura. Yaran unguwa suka sa wa mashin ɗin suna Fursuna. A kansa yake kai matarsa, Inna Laraba, kasuwa da coci. Tun da ta rasu bai ƙara hawa ba. Kullum da safe zai goge shi, ya tayar da shi ya saurari ƙararsa, ya kashe, ya cire fulogi ya sa a aljihu, sannan ya ɗauki sanda ya tafi neman motar haya. Na taɓa ce masa, Kawu, mutum da mashin yana ɗingishi a titi? Ya ce ai a titi ake sace mashin. Ko taɓawa ba ya bari a yi, mijina Bitrus ya taɓa ɗora hannu a kan kujerar, sai da ya sha sanda a yatsu.

Mama Ngozi, ina kike? Ga ta can tana rufe fuska. Maƙwabciyarmu ce, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Wata Kirsimeti za ta tafi gida, babu wanda ba ta faɗa wa ba: 'yan kasuwa, direban bas, mai nama, har da mai gyaran takalmi da ba ta san sunansa ba. Ta kulle gida tsaf, sannan ta tura makullin ƙarƙashin turmi a bakin ƙofa, wai saboda ƙaninta. Bayan sabuwar shekara ta dawo, ta tarar da taga a buɗe, rediyo na yi, ga shanya a igiya. Jakarta ta faɗi a ƙasa. Ta leƙa, sai ga Kawu a kan kujerar mijinta, ya miƙe ƙafa, yana kurɓar shayi da kofinta na baƙi.

Ya ce, "Ƙarƙashin turmi, Mama Ngozi? Ɓarawon da bai duba ƙarƙashin turmi ba ai bai fara sana'a ba."

Ashe kullum yana zuwa ya wuni a gidan, ya kunna rediyo, ya jiƙa tsummoki ya shanya, don mai wucewa ya ga kamar da mutane. Ta duba ko tsinke bai ɓata ba, sai gwangwanin madararta da ya koma fayau. Ya ce wannan ladan gadi ne. Da taɓarya ta rako shi har bakin titi.

Yanzu kuma Fasto. Surukarsa ta zo daga ƙauye aka yi mata aikin ido a asibitin Shika. A hanyar dawowa ya bi ta Sabon Gari ya tsaya sayen magani, ya bar motar a kunne, makulli a jiki, tsohuwa na barci a kujerar baya an naɗe mata ido. Kawu ya fito daga gaida tsofaffin abokan aikinsa, ya ga motar Fasto tana ta kaɗawa ba kowa a gaba. Mutumin da rabonsa da tuƙi tun ina goye! Ya shige ya ja, a giya ɗaya, motar na kuka, har suka kama hanyar Samaru. Suna tsakiyar tafiya sai ya ji murya daga baya: "Ɗana, mun kusa?" Shi da bakinsa ya ce saura kaɗan ya zuba su a kwata. Amma bai tsaya ba. Ya amsa mata da cewa mun kusa, Mama, suka ci gaba da hirar damina. Ya sauke ta a gidan Fasto, ya danƙa ta a hannun 'yarta, ya wuce da motar.

Fasto kuwa yana can Sabon Gari, takalmi ɗaya a ƙafa, yana tare masu mashin yana tambayar ko sun ga mota da tsohuwa. Da ya iso gidan nan da yamma muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce, "Kawu, har da uwar matata?"

Kawu ya ce, "Kai ka bar ta da makulli a jiki. Ita na mayar yau don ba ni da inda zan ajiye ta. Mota kuma sai Lahadi."

Kun ga yadda kuke dariya? To haka muka yi ta yi, kuma daga nan muka lalace. Da, in abu ya ɓace a layinmu, ihu ake yi, a fito da gudu. Sannu a hankali sai ya zama in ka nemi abinka ka rasa, ka yi tsaki ka ce Kawu ne, ka jira Lahadi. Babu mai bin sawu, babu mai tambayar maƙwabci, babu mai zuwa wurin 'yan sanda. Mun samu ɓarawon gida mai amana, muka miƙe ƙafa.

Mijina Bitrus burodi yake rarrabawa. Da sassafe zai ɗauko daga gidan burodi a Sabon Gari, ya bi shagunan Samaru da Bomo har Shika. Mashin ɗin nan shi ne gonarmu, da shi muke ci, da shi yara suke zuwa makaranta. Wata Laraba da azahar ya dawo, ya ajiye shi a ƙofar gida da makulli a jiki, ya shigo shan ruwa. Na zuba masa abinci, ya ce bari ya ɗan taɓa. Da ya fita, wayam.

Kun san abin da muka yi? Dariya. Wallahi dariya muka yi. Na ce masa wannan Lahadin kai ne a tabarma, ka shirya jin sunanka. Malam Sani ya ce ya ga wani saurayi yana tura mashin ɗin ya bi ta bayan layi, har saurayin ya ɗaga masa hannu, shi kuma ya amsa, a zatonsa Kawu ne ya aiko shi saboda gwiwa. Matan da ke kitso a gindin bishiya ma sun gani, har ɗaya ta matsar masa da kujera ya wuce. Da rana tsaka, a gaban unguwa guda, aka tura abincin 'ya'yana aka fita da shi, ana yi wa ɓarawon sannu.

Bitrus bai je wurin Kawu ba, don ya san amsar da zai samu. Ya aika wa mai gidan burodi cewa zazzaɓi ya kama shi, ya kwanta ya huta abinsa. Har cewa ya yi Kawu ya kyauta, dama bayansa na ciwo.

Lahadi ta zo. Aka tashi sujada, Kawu ya baje tabarma. Ga fitila, ga buta, ga wayar wata ɗaliba. Ya kira sunaye har ya gama, ya fara naɗe tabarmarsa. Bitrus ya matsa yana murmushi ya ce, Kawu, na tuba, a ba ni mashin ɗina, gobe akwai aiki.

Kawu ya ɗago ya ce, "Wane mashin?"

Bitrus ya ƙara dariya. Ni ban yi ba, don na ga fuskar Kawu. Na san fuskarsa ta "ban san zancen ba", akwai wani ɗan motsi da gefen bakinsa yake yi. Ran nan babu motsin. Sandarsa ce ta zame daga hannunsa ta faɗi. Ya tambaya tun yaushe, aka ce tun Laraba. Ya sake tambaya, aka sake faɗa masa. Daga ƙofar cocin muka wuce wurin 'yan sanda.

A ofishin 'yan sanda, da jami'in ya ji ranar da abin ya faru, sai ya ajiye biro ya dube mu. Ya tambaya me ya hana mu zuwa tun ranar. Bitrus ya ce mun ɗauka kawunmu ne ya sace. Bawan Allahn nan ya ce zai rubuta, amma mashin ɗin da ya kwana huɗu a hannu, ko ya bar gari ko an wargaza shi an sayar da kayan.

Daga can gidan nan na yo, ko mayafi ban gyara ba. Na same shi zaune a gindin mangwaro kusa da Fursuna. Na ce, "Kawu, ka ce kana koya mana tsaro. Barci ka koya mana. Kai ka sa ɓarawo ya wuce ta gaban mutane suna yi masa sannu. Naka yana nan ɗaure yana shan inuwa, na masu 'ya'ya ya tafi." Na faɗa, kuma har yau ban janye ba, don gaskiya ce. Abin da ya ba ni tsoro shi ne bai rama ba. Mutumin da ko da Fasto yake musu a kan wa'azi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne."

Mai gidan burodi ya yi mana haƙuri iya gwargwado, amma shaguna ba sa jira. Ya ce in wata ya ƙare Bitrus bai samu abin hawa ba, zai ba wani hanyar. Bitrus ya gwada ɗauka a ka yana shiga motar haya, burodin ya riƙa isa a lotse, masu shago suna mayar masa. A gida muka koma tuwo sau ɗaya. Ina kallon mijina yana ramewa, ina jin haushin duniya, na daina gaida Kawu.

Shi kuma ashe bai zauna ba. Ashe duk abin da ya taɓa ɗauka sai ya buga masa 'yar alama da ƙusa a wani lungu, kuma ya taɓa ɗaukar mashin ɗin Bitrus tun yana sabo, ya yi masa alamar a ƙarƙashin kujera. Sai ya bi garejin masu gyara da rumfunan kayan mashin na Sabon Gari da sandarsa, yana durƙusawa da gwiwar nan tasa yana leƙa ƙarƙashin kujerun mutane. Ran nan wasu 'yan acaɓa suka kama shi kansa a ƙarƙashin mashin ɗin wani, aka yi ca a kansa ana ɓarawo, ɓarawo. Allah ya sa wani tsohon yaron shagonsa ya gane shi ya shiga tsakani. Ya dawo da yagaggiyar riga da kumburarren leɓe. Da aka ce ya yi musu bayani mana, sai ya ce bayanin me, ai su ne masu hankali, haka ya kamata a yi.

Bai samu mashin ɗin ba. Har yau ba a samu ba.

Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare, da sassafe na buɗe ƙofa zan yi shara, sai na ga Fursuna a ƙofar gidanmu. Babu sarƙa. Makulli a jiki, fulogi a ɗaure, an goge shi yana ƙyalli. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Abin da ya zo mini shi ne ko an kashe Kawu, don ban ga yadda za a raba shi da mashin ɗin nan yana numfashi ba. Na ruga ba takalmi. Na tarar da ƙofar gidan nan a wangale, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, shi kuma yana zaune ya juya wa ƙofar baya, yana shan koko.

Na ce, "Kawu, Fursuna yana ƙofar gidanmu."

Bai juyo ba. Ya ce, "Sakaci na yi. Tsufa ne. Na bar shi a waje da makulli."

"To bari Bitrus ya turo maka."

"Yau Lahadi ce?"

Na ce a'a, Talata. Ya ce to ban san doka ba ne? Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, ina kallon ƙarfen can da sarƙar ke kwance a gindinsa ba komai a ciki. Tsohon nan da gwiwarsa, shi kaɗai ya tura mashin ɗin Inna Laraba har ƙofarmu. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ce in tafi, ina tare masa iska.

Ranar Bitrus ya kai burodi har Shika. Ran Lahadi ya wanke mashin ɗin ya turo shi ƙofar coci, ya tsaya a inda ake shimfiɗa tabarma, ya kira sunan Kawu a gaban jama'a. Kawu ya zo ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tanki da sanda, ya ce, "Ba nawa ba ne. Nawa yana da sarƙa." Ya wuce abinsa. Lahadi ta gaba ma haka. Shekara da shekaru suna wannan wasan, Bitrus bai fasa kawowa ba, Kawu bai fasa musu ba.

Tabarmar kuwa tun ranar da muka gane an sace mashin ɗinmu bai sake shimfiɗa ta ba. Ya bi gida-gida ya ce ya yi murabus, daga yau duk abin da ya ɓace ba shi ba ne, a yi ihu nan take. Ya kafa wa masu mashin zoben ƙarfe a zaurukansu, ya rataya guntun ƙarfe a bakin layi wanda za a buga in an ga abin da ba a gane ba. Ya ce duk wanda kuka gani yana tura mashin ɗin maƙwabci ku tare shi ku tambaya, ko da Fasto ne. Mun kuwa taɓa tare Fasto, yana nan, ku tambaye shi.

Bara da ciwo ya kwantar da shi a asibiti a Shika, ya sa aka ɗauko masa wata jaka daga ƙarƙashin gadonsa. Nas ta ɗaga ta ji nauyi ta ce duwatsu ne a ciki? Ya kira Bitrus, ya ce ya buɗe. Sarƙar ce, da kwaɗonta, an shafe ta da mai. Muryarsa ta riga ta yi ƙasa, sai da muka sunkuya.

Ya ce, "Yanzu ya cika. Ɗaure abinka, ka daina kawo mini."

Bitrus ya rungume sarƙar nan a ƙirji yana kuka kamar yaro. Ni kuma na ce, Kawu, ashe dai naka ne. Ya buɗe ido ɗaya ya tambaye ni ko na kulle gida kafin in fito. Na ce na kulle. Ya ce, makullin fa? Na ciro shi daga bakin zane na nuna masa. Sai gefen bakin nan nasa ya ɗan motsa, ya rufe ido. Bai kai Lahadi ba.

Fursuna yana waje yanzu haka, ɗaure da sarƙarsa, da shi muka zo. Yaran da na ce an tafi da abincinsu, ga su can sun fi ni tsawo.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya. Ya ɗauki kayan mutane da yawa, amma ka san bai riƙe ko ɗaya ba, nasa guda ɗaya tak da yake ƙauna ma ya sake shi. Ka gafarta masa, ka gafarta mana, ka sada shi da Inna Laraba cikin hutunka. In ya iso ya tsaya yana jijjiga ƙofa, kada a yi fushi da shi, halinsa ne, a buɗe masa kawai. Amin.